Sunan da Mairama Ta Kasa Kira

Shafi na 19

Gaskiya ce ta hana ni yi wa Mairama ƙaryar nan, ko kuwa tsohon haushi ne na ɗauko daga gidanmu na zo na sauke a kanta? Shekara arba'in da 'yan kai ina juya tambayar nan, har yau ban samu inda zan ajiye ta ba. Masu cewa na cika jan rai, ku yi haƙuri. Alhamis ɗin nan ta daminar 1978, ko mu da muke cikinta ba ta yi mana sauri ba.

Ranar ce kwana ashirin da ɗaya da Dantong, direban tifa, ya tsinci wata yarinya a bakin titin Bukuru, ƙafafunta sun fashe, tana tambayar hanyar asibitin da aka kai Innarta. An ce mata ta rasu, ita dai so take ta gani da idonta. A ƙa'idar ofishinmu na kula da yara, ranar ce Madam Nneamaka za ta sa hannu a ɗaya daga takardu biyu. Ko ta miƙa yarinya ga uwa ko uba, ko ta bar ta riƙo a hannun Suzana, matar Dantong, wadda ta ajiye ta a unguwar Daɗin Kowa tun ranar farko. Dantong kuwa ya samu aiki a Makurɗi, ƙarshen wata za su kwashe kaya. In Madam ta sa hannu a takarda ta biyu, yarinya ta bar Jos ke nan.

Ni masinja ne a takarda, tafinta a aikace. Turancina daga tsofaffin jaridu na tsinto shi, Fulatanci kuwa a nono na sha.

Tun asuba ake ruwa. Kwanon rufi yana yoyo daidai gefen kabad ɗin fayil. Na tara bokiti, na dawo na gyara shi, na sake gyara shi, don dai kada in zauna.

Tsoho Hammajoda na kan benci, sanda a kan gwiwa, malfarsa tana ɗiga. Surukarsa Mairama ta ƙi benci, ta durƙusa a bakin ƙofa ta ba ɗakin rabin baya. Ba za ta wuce shekara ashirin da biyar ba. Can wajen taga Suzana ce, yarinyar a jikinta cikin suwaita ruwan ɗorawa da sabon kitso. Shekararta bakwai.

Madam ta kwance zaren fayil ta karanta mana abin da duk mun sani. Ran da aka kawo yarinyar ta ce sunanta Aisatu, uwarta ta rasu, tana da yaya mai aure a rugar gaba, Adda Mairama. Ran Litinin mutanen nan suka zo bayan sun ji cigiya a rediyo. Kafin nan kududdufan haƙar kuza suke bi ɗaya bayan ɗaya da doguwar gora, gawa suke nema. Tsoho ya ja Madam gefe ya ce ga uwar yarinya. Aka tambayi yarinya wace ce wannan, ta ce Adda ce. Aka tambayi Mairama sunan yarinyar, ta yi shiru. Madam ta ba su kwana uku.

Tun Litinin ɗin na gane komai, ban ce uffan ba. Aisatu 'yar fari ce. Bafulatana ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta kallon sa a gaban mutane, ba ta cewa nawa ne. Da aka yaye ta aka kai ta wurin uwar Mairama, ta tashi tana ce wa kakarta Inna, uwarta kuma Adda, ba wanda ya ga dalilin gyara mata. Ga shi kuma sunan marigayiya matar Hammajoda aka sa mata. Kunya biyu a kan suna ɗaya, ta 'yar fari da ta suruka. Uban, Usumanu, ya bi fataken shanu kudu, kuma da yana nan ma a bakin ƙofar nan zai tsaya yana kallon ƙasa.

Madam ta rufe fayil. A Bukuru aka haife ta, Hausarta ta kasuwa ce, ba ruwanta da mace ko namiji.

"Mairama. Wannan yarinya, menene sunanshi?"

Mairama ta ce wa bango, "Baffa ya faɗa."

"Ba Baffa na tambaya ba. Kai na tambaya."

Mairama ta ƙara juya fuska ga bango.

"To, bar suna. Kai ne ka haife shi?"

Mairama ta ja gefen mayafi ta rufe baki. Da ƙyar muka ji ta.

"'Yar Inna ce."

Yarinyar ta gyaɗa kai, don abin da ta sani ke nan. Madam ta ɗauki biro. Ina ganin biron nan yana tafiya na san abin da yake rubutawa: matar da bakinta ta ce ba 'yarta ba ce.

Sai a lokacin na yi magana, kwana uku a makare. Na matsa kusa da tebur na yi mata bayani da Turanci, yadda yarinyar ba za ta gane ba. Ta saurare ni har ƙarshe. Ta tambaye ni tun yaushe na san haka, na ce tun Litinin. Ta dube ni ta saman tabarau. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Abin da ta ce shi ne, bayan yaƙin basasa ta yi aiki a wani sansani inda ake dawo da yaran da aka kwashe. Ta ga mata suna zuwa suna kuka suna rantsuwa, a ba su yaro, bayan wata biyu a tsince shi yana bauta a gidan da ba nasu ba. Ƙaninta ma haka aka miƙa shi ga wata mata, har yau ba a san ko wace ce ba.

"Mai kuka ma ya ruɗe ni, Malam Shu'aibu," in ji ta da Hausa. "Yanzu kana so in yarda da mai shiru? Ɓarawon yara ma ya iya shiru."

Hammajoda ya ce a kawo Alƙur'ani ya dafa. Madam ta ce ba ta ƙaryata shi ba, amma takarda uwa ko uba ta ce, yarinya kuma ba ta san shi da komai ba sai tsohon rugar Adda mai ba ta rake. Ya ce zai kawo Arɗo. Ta ce ya kai shi kotu, kotu za ta duba maganar bayan damina. Tsoho ya juyo ya tambaye ni Makurɗi kwana nawa ce a ƙafa. Na faɗa masa. Ya daɗe yana kallon sandarsa.

Sai Mairama ta fara magana da Fulatanci, fuskarta na bango, muryarta ba hawa ba sauka. Ba ta ce wance ba, "ita" kawai take cewa. Ta ce akwai tabo a bayan gwiwarta ta hagu, igiyar maraƙi ce ta yanke ta tana shekara uku. In ta sha nono da sanyin safe tari take yi, sai an ɗumama mata. Ba ta barci sai ta cusa hannu ɗaya a ƙarƙashin kumatu. Tana tsoron kwaɗo, ba ta tsoron bijimi. In za ta yi ƙarya kunnenta take taɓawa.

Ina fassarawa ina kallon Suzana. A kan maganar nono ta sunkuyar da kai. Madam ta sa aka ɗaga gefen zanen yarinyar, ga tabo nan, siriri kamar an ja da allura.

Madam ta ajiye biro. Na ga ta fara karkata. Ta juya ga yarinyar, ta sassauta murya, ta tambaye ta ko za ta bi wannan matar gida.

Aisatu ta ƙara shigewa jikin Suzana.

"Adda ba ta so na."

"Wa ya gaya maka?"

"In na shiga bukkarta fita take yi. Ran da aka ce Inna ta rasu kowa ya riƙe ni. Ita ba ta riƙe ni ba."

Ba ta taɓa kunnenta ba. Na duba.

Mairama ba ta motsa ba, sai babban yatsan ƙafarta da ya dinga kankarar siminti.

Madam ta ce ta ba da minti goma sha biyar. Ba takarda take so ba, ba rantsuwa ba. Matar nan ta kira sunan yarinya, ta ce ni na haife ki, a cikin ɗakin nan, da kowane yare ta ga dama. In ba haka ba, ita ba za ta cire yaro daga hannun da yake so ta sa shi a hannun da yake gudu ba.

A baranda Hammajoda ya riƙo hannun rigata. Ya tambaye ni uwata 'yar ina ce, na faɗa masa. Ya ce to rabina nasu ne, ɗaya rabin Allah ya shirya. Ban yi dariya ba. Ya rage murya. Ya ce Madam ba ta jin Fulatanci, ga ruwa yana dukan kwano, ko saniya ce ta yi kuka a ɗakin nan ba za a ji ba. Mairama za ta yi gunguni cikin mayafi, ni kuma in ce ta faɗa. Yarinya in an koma gida goggonta za ta gaya mata a hankali, yadda ake yi tun kaka da kakanni.

"Ƙarya kake so in yi, Baffa."

"Ina ƙaryar? Ba ita ta haife ta ba?"

"Ita ta haife ta. Amma ba ta faɗa ba."

Ya ƙura mini ido. "Kai ɗan fari ne?"

Na ce e.

"To ai ka san abin."

Na san abin. Uwata ta rasu ina shekara goma sha tara, ba ta taɓa cewa Shu'aibu ba. "Kai wannan" take ce mini, ko ta aiki ƙanena ya kira ni alhali ina zaune a gabanta. Da aka buɗe adakarta bayan addu'ar bakwai, aka tarar da haƙorina na farko da ya fita, ƙulle a tsumma. Mata suka ce ka ga irin son da take maka. Na karɓi tsumman na sa a aljihu. Ban san me ake yi da so irin wannan ba, wanda sai mai shi ya mutu ake kwance maka shi.

Na ce wa tsoho ba zan faɗi abin da kunnena bai ji ba. Da murya irin ta masu gaskiya na faɗa, har ni kaina ta burge ni. Amma can ƙasan zuciyata wani abu yana cewa, bari mu gani, ko sau ɗaya a duniya, in an matsa wa ɗayarsu ko za ta buɗe baki.

Ya saki rigata.

"Ashe rabin ma babu," in ji shi.

Na bar shi na zagaya bayan ofis, na dawo, na sake zagayawa. A zagaye na biyu na ci karo da Suzana a bakin famfo tana ɗebo wa yarinyar ruwa a kofi. Na tambaye ta ko ta san abin da ke faruwa. Ta ce a gefen ruga ta girma, shanun Fulani ne ke kwana a gonar accar babanta bayan girbi, ta san kunyar ɗan fari kafin ta san baƙin boko. Tun da ta ga yadda matar take kauce wa kallon yarinyar ta san uwa ce, don baƙuwa kallo take yi.

"To me ya sa ba ki faɗa ba?"

"Kai me ya sa ba ka faɗa ba, oga tafinta?"

Kofi ya cika yana zuba, ba ta kashe famfon ba. Ita ma Hausarta irin ta Madam ce, ba ruwanta da mace ko namiji.

"Ni na sani, kai ka sani. Yarinya bai sani ba. Sati uku, in na ce Aisatu, sai ya ce Mama sake faɗa."

Ta ce ba ta kai ta coci ba, ba ta canza mata suna ba, ran Lahadi wurin maƙwabciyarta Talatu take barin ta. Ta ce ta binne 'ya'ya biyu, kyanda ce ta ɗauke su a wata guda, don haka ta san abin da take shirin yi wa matar can, kuma abinci ba ya wuce mata saboda shi.

"In ya kira shi, zan sake hannu. In bai kira ba, ba zan sake ba. Allah ma ya ji ni."

Da muka koma, Hammajoda bai shiga ba. Ya tsaya a bakin ƙofa ya yi wa Mairama magana yana kallon sama, yadda suruki ke yi. Ya ce sunan matarsa ne, shi ke da haƙƙin sunan, ya yafe duniya da lahira. Ya ce zai je can bakin titi inda ba zai ji komai ba. Ya ƙara wata magana a hankali wadda ban kama ba. Ya sa malfa ya shiga ruwa.

Madam ta dubi agogon hannunta, ta jera takardun biyu a gabanta.

Mairama ta juyo. Tun Litinin ban ga fuskarta gaba ɗaya ba sai lokacin. Idonta ya tashi daga siminti ya tafi a hankali, ya kai kan takalman roba da Suzana ta saya wa yarinyar, ya tsaya a nan. Bakinta ya buɗe, ya sake rufewa. Ba abin da ya fito.

Sai ta dube ni. Ba roƙo a ciki, kallo ɗaya ne kawai, amma na gane abin da tsoho ya raɗa mata. Ta ja mayafi ta yi gunguni a ciki, ruwa na dukan kwano.

Madam ta ce, "Me ya ce?"

Na ji abin da ta ce sarai. Ba suna a ciki. Suzana na kallo na, Madam na kallo na, biro a tsaye tsakanin takardun biyu. Ba a taɓa ba ni iko a kan rayuwar kowa ba, ni mai share ofis da kai wasiƙa, sai ranar nan.

"Ta ce Allah yana gani, Madam."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Madam ta jira. Ta ƙara jira fiye da yadda ta yi alkawari, wannan zan shaide ta. Sannan ta jawo takarda ta biyu ta sa hannu, ta hura wa hatimi iska ta buga. Ta ce in gaya wa Mairama ƙofar kotu a buɗe take. Na gaya mata. Wannan kam na fassara shi daidai, kalma da kalma.

Suzana ta ɗaura wa yarinyar ɗankwali, ta kwance ta sake ɗaurawa. Ba ta dubi kowa ba. Tifar Dantong na bakin titi, injin na aiki. Baranda ta cika da masu jiran layi, mata da goyo, wani ɗan sanda da ya fake wa ruwa. Ƙofa ɗaya ce, dole su bi ta gaban Mairama. Gefen suwaitar ya shafi kafaɗarta.

"Sai wata rana, Adda," in ji Aisatu, don Inna ta koya mata ladabi.

Na ɗauki bokitin in zubar, don in samu abin yi da hannuna. Ina kaiwa baranda na ji an ture ni, ruwan ya zube mini a ƙafa. Mairama ce. Mayafinta ya faɗi a bakin ƙofa, ba ta tsaya ɗauka ba, ta sauka cikin ruwa ba takalmi. Hammajoda na tsaye daidai gefen tifar, inda ya je don kada ya ji. Dantong ya miƙo hannu daga sama zai ɗauki yarinyar, ƙafarta ɗaya ta riga ta hau matakala, Suzana na riƙe da ɗaya hannun.

Ba ihu Mairama ta yi ba. Muryar a shaƙe ta fito, kamar ƙyauren da aka daɗe ba a buɗe ba. Amma duk barandar ta ji, tsohon ma ya ji.

"Aisatu."

Yarinyar ta tsaya, ƙafa ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa. Ta waiga tana neman wanda ya kira ta. Ta dubi Suzana, ta dubi matan baranda, ta dube ni. Wuri ɗaya ne ba ta duba ba.

Mairama ta ƙara taku biyu, ta durƙusa a cikin taɓo, ta ɗaga kai ta dube ta ido cikin ido.

"Aisatu. Ba Inna ce ta haife ki ba. Ni ce."